Tambaya da Amsa: Daga kwamfuta zuwa ɗakin matuƙi, da sirrin takunkumin da ke faɗowa a jirgi

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, kuma duk da cewa masu su ba su san juna ba, amsoshinsu a wuri ɗaya suke haɗuwa, don haka yana da kyau a karanta su a jere.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a aji shida na sakandare. Shekara biyu ke nan ina tuƙa jirgi a manhajar Microsoft Flight Simulator a kwamfutar yayana, har na kai ina tashi da Boeing 737 daga Kano in sauka a Jidda lafiya lau. Abokaina suna cewa wasan yara ne. Shin idan aka ba ni jirgin gaske zan iya tuƙa shi? Kuma sa'o'in da na tara za a lissafa mini su idan na shiga makarantar koyon tuƙin jirgi?
Ɗalibi, daga Tudun Wada, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Sa'o'in nan ba za a lissafa maka ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma jirgin gaske ba za ka iya tuƙa shi yau ba. Sai dai abokanka ma sun yi kuskure, domin abin da suke kira wasa ƙanin wata na'ura ce da babu matuƙin babban jirgi a duniya da ke riƙe lasisinsa ba tare da ya riƙa komawa cikinta ba.

Asalin na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi yana komawa ne ga wani Ba'amurke mai suna Edwin Link, wanda mahaifinsa ke da masana'antar ƙera kayan kiɗa masu aiki da iska a garin Binghamton na jihar New York. A shekarar 1929 ya haɗa wani akwati mai siffar ƙaramin jirgi, ya ɗora shi a kan zugazugai irin waɗanda ake sa wa kayan kiɗan, ta yadda idan na ciki ya karkata sandar tuƙi sai akwatin ya karkata. Da farko masu wuraren wasan yara ne suka fi saye. A 1934 aka ɗora wa sojojin saman Amurka jigilar wasiƙu, matuƙa fiye da goma suka mutu cikin 'yan makonni, galibi saboda ba su saba tuƙi cikin duhu da mummunan yanayi ba, sai rundunar ta sayi guda shida. Kafin a gama Yaƙin Duniya na Biyu matuƙa sama da dubu ɗari biyar sun koyi aiki a cikin wannan akwati.

Jikokin akwatin Link a yau ɗakuna ne da ke tsaye a kan ƙafafu shida masu miƙewa da naɗewa, ciki kuwa ɗakin matuƙa ne sak, maɓalli da maɓalli. Mafi daraja a cikinsu, wadda ake kira mataki na D, ta kai matsayin da ƙwararren matuƙi zai koyi sabon samfurin jirgi a cikinta gaba ɗaya, sannan ranar farko da zai riƙe jirgin na gaske akwai fasinjoji a bayansa, wani kyaftin mai horarwa yana zaune a gefensa. Yawancin kamfanoni kuma suna mayar da matuƙansu cikinta duk wata shida, a kashe musu inji daidai lokacin tashi, a kunna musu gobara, a ga yadda za su yi. Amma ka lura da kalmar da na fara da ita: ƙwararren matuƙi. Ga mai farawa, dokar Amurka ta ce sai ya yi aƙalla sa'a 40 kafin lasisin farko, ta Turai ta ce 45, kuma a cikin 45 ɗin nan biyar kacal aka yarda a yi a na'ura, ita ma sai wadda hukuma ta duba ta amince da ita, da malami a zaune. Kwamfutar gida ba ta cikin lissafi. Kwalejin koyon tuƙin jirgi da ke nan garinku, wadda aka kafa tun 1964, ita ma da ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya take fara ɗalibanta.

Dalilin wannan rowa ta sa'o'i shi ne akwai abin da allo ba ya koyarwa, wato yadda jikin mutum ke yi masa ƙarya a sama. A cikin kunnenka akwai wasu 'yan bututu uku masu ruwa a ciki, su ne ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko ka karkata ko kana tsaye daidai. An halicce su ne don mai tafiya a ƙasa. Idan jirgi ya shiga kwana a hankali kuma ya daɗe a ciki kamar daƙiƙa ashirin, ruwan nan sai ya natsu, kunne ya ce maka tafiya take miƙe, alhali kuwa fiffike ɗaya yana kallon ƙasa. Na taɓa zama a kujerar gaba ta wani ƙaramin jirgi, malamin tuƙi ya ce in rufe ido in sunkuyar da kai. Bayan ɗan lokaci ya ce, "To, ina muka dosa?" Na ce masa miƙe muke, har ina ƙarawa da rantsuwa. Da na buɗe ido sai na ga gonaki sun cika tagar hagu, ta dama kuwa babu komai sai sama. Da ya daidaita jirgin kuma sai jikina ya dage cewa yanzu ne muka karkata dama, har na ji hannuna yana neman tura sanda. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Illinois a 1954, an ɗauki matuƙa 20 da ba su koyi tuƙi da agogunan jirgi (na'urorin da ke nuna tsayi da gudu da karkata) kaɗai ba, aka toshe musu ganin waje, dukkansu jirgi ya ƙwace musu, kuma matsakaicin lokacin da suka iya riƙe shi daƙiƙa 178 ne. Kai da ka san hazon Disamba da Janairu, lokacin da ba a bambance inda ƙasa ta ƙare da inda sama ta fara, ka san wannan ba matsalar ƙasashen ƙanƙara ba ce kaɗai.

Akwai kuma wata ɗabi'a da malaman tuƙi ke yawan kuka da ita game da ɗaliban da suka taso da kwamfuta: idonsu a kafe yake kan agoguna, ba sa duban waje, alhali a farkon koyo ta taga ake tuƙa ƙaramin jirgi. Nauyin sanda a hannu, da yadda iskar gefe ke ture jirgi daga tsakiyar titi lokacin sauka, da yadda zafin rana tsaka a bazara ke wurga shi sama da ƙasa har cikin mutum ya juya, duk sai a jirgi.

Abin da ya fi waɗannan girma shi ne firgici. Ranar 15 ga Janairun 2009 wani jirgin Airbus A320 na kamfanin US Airways ya yi karo da garken dinya jim kaɗan bayan tashinsa daga filin LaGuardia na birnin New York, injinansa biyu suka mutu, Kyaftin Chesley Sullenberger ya saukar da shi a kan kogin Hudson, mutum 155 da ke ciki duk suka tsira. Lokacin bincike an sa wasu matuƙa su maimaita tafiyar a na'ura, kuma da dama daga cikinsu sun iya komawa filin jirgi, domin sun san abin da zai faru, suna juyawa ne nan take. Da aka ce a jinkirta daƙiƙa 35, gwargwadon lokacin da ɗan Adam ke buƙata ya gane me ya same shi, sai gwajin ya ƙare da faɗuwa kafin a kai titi. A ganina daƙiƙa 35 ɗin nan su ne tazarar da ke tsakanin kujerarka da ta Kyaftin Sullenberger.

Ka ci gaba da abin da kake yi, domin sanin maɓallai, da karanta taswira, da fahimtar maganar hasumiyar filin jirgi, duk za su rage maka wahala da kuɗi. Ka dage da lissafi da kimiyya da Turanci, kuma kafin iyayenka su sayar da gona ka fara zuwa a gwada idonka, musamman bambance launuka, domin nan ne burin mutane da yawa ke tsayawa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina yawan zuwa Guangzhou saro kaya ta Addis Ababa. Kullum sai ma'aikatan jirgi su ce idan takunkumin oksijin ya faɗo, mutum ya fara sa nasa kafin ya sa wa ɗansa. A matsayina na uba, wannan magana ba ta kwanta mini ba. Sannan idan babu iska a can sama, wadda muke shaƙa daga ina take zuwa? Tukwanen gas ake lodawa?
Wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Bari in fara da ta biyun, domin ita ce za ta warware ta farkon.

Iska tana nan a sama, kuma kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ne, kamar yadda yake a Kwari. Abin da ke raguwa shi ne matsinta. Ka ɗauki misalin gidan bene da tankinsa ke cike da ruwa amma famfo ba shi da ƙarfi: ruwa yana nan, sai dai ba ya hawa. Haka oksijin yake, sai da matsi yake ratsa huhu ya shiga jini. A tsayin ƙafa 18,000 matsin iska rabin na bakin teku ne, a ƙafa 35,000 kuwa, inda jirginka ke tafiya, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, ga sanyi da ya wuce digiri 50 ƙasa da sifili. Saboda haka jirgi yana ɗibar iskar waje ne, a yawancin jirage daga cikin injin inda aka riga aka matse ta, a sanyaya ta a tura cikin ɗakin fasinjoji, sannan wata 'yar ƙofa a bayan jirgi tana sakin ta a hankali don matsin ya tsaya inda ake so. Ba a kai shi na ƙasa, domin gangar jikin jirgin za ta yi nauyi ƙwarai idan aka ce ta jure wannan. Ana tsayar da shi ne kamar kana kan tudu mai ƙafa 6,000 zuwa 8,000, wato kusan tsayin Addis Ababa da kake yada zango, ko ƙololuwar dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya da mita 2,419. Idan kana son gani da idonka, ka shanye ruwan gorar roba a sama, ka ɗaure murfin tamau, ka dube ta bayan an sauka: za ka tarar ta lotse kamar an taka ta.

Idan wannan matsi ya zube, ko ta fashewar taga ko ta lalacewar na'ura, likitocin jiragen sama suna da ma'aunin lokacin da mutum zai ci gaba da aiki da hankalinsa. A ƙafa 25,000 minti uku zuwa biyar ne. A 35,000 daƙiƙa 30 zuwa 60. A 40,000 daƙiƙa 15 zuwa 20. Idan zubewar ta zo farat ɗaya, lokacin yana iya raguwa da rabi, saboda iskar da ke cikin huhu ma fita take yi.

Mugun abin shi ne ba a jin sa. Ƙuncin numfashin da mutum ke ji idan ya toshe hanci ba ƙarancin oksijin ke jawo shi ba, taruwar gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa ce, ita kuwa a sama tana fita yadda ta saba. Don haka babu shaƙewa, babu haki mai tsanani. Abin da ke zuwa shi ne ɗan jiri, da ɗumi a fuska, da shuɗin farce da leɓe, a wasu mutanen ma har da nishaɗi da jin cewa komai daidai yake. Ranar 15 ga Afrilun 1875 Faransawa uku suka hau sama a wani balan-balan mai suna Zénith, suna ɗauke da jakunkunan oksijin. Sun yi ta ajiye shi don lokacin da za su ji buƙata, suka wuce mita 8,000, kuma lokacin da buƙatar ta zo hannuwansu sun riga sun mutu, bututun da ke gabansu ya gagare su ɗauka. Sivel da Crocé-Spinelli suka rasu, Gaston Tissandier kaɗai ya sauko da rai, ya kuma rasa jinsa. Shi ya sa har yau ake shigar da matuƙan soja wani ɗaki na ƙarfe, a zuƙe iskarsa har ta yi daidai da ƙafa 25,000, a ce su cire takunkumi su yi ƙaramin lissafi ko su rubuta sunansu. Rubutun yana komawa tsutsa, mai shi yana murmushi, kuma akwai waɗanda za a yi ta ce musu su mayar da takunkumi suna gyaɗa kai ba tare da sun ɗaga hannu ba.

To, Alhaji, ka auna. Idan ka ɓata daƙiƙa ashirin kana kokawa da yaro mai kuka da fizge-fizge, mai yiwuwa kai da shi ku suma tare, babu mai taimakon wani. Idan ka sa naka cikin daƙiƙa biyar, ko da yaron ya suma, da zarar ka ɗora masa nasa zai farfaɗo cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma sumar 'yan daƙiƙu ba ta yi wa ƙwaƙwalwa lahani. Umarnin nan domin yaron aka yi shi.

Takunkuman suna faɗowa da kansu idan matsin ɗaki ya kai kwatankwacin ƙafa 14,000. A yawancin jirage ba tukunyar gas ce a saman kanka ba, wani gwangwani ne mai sinadari wanda ke fitar da oksijin idan ya kama ƙonewa, kuma jan takunkumin da ƙarfi zuwa fuskarka shi ne ke zare fil ɗin da ke kunna shi. Za ka iya jin ƙauri, jakar da ke jikinsa kuma ba lallai ta kumbura ba, duk ba alamar lalacewa ba ce. Ka rufe hanci da baki duka. A hotunan da aka ɗauka cikin wani jirgin Southwest da tagarsa ta fashe a Afrilun 2018 an ga fasinjoji da yawa sun rufe baki sun bar hanci a waje. Gwangwanin yana aiki minti 12 zuwa 15, a wasu jirage fiye, kuma ya isa, domin a lokacin matuƙa suna gangarowa da jirgi da sauri zuwa ƙafa 10,000 inda ake numfashi ba taimako. Fasinja zai ji kamar faɗuwa ake yi, alhali da gangan ne.

Nan zan waiwayi ɗalibinmu na Zariya. A kwamfuta kana iya haurawa da ƙaramin jirgin Cessna ƙafa 13,000 ka zauna sa'a uku kana shan shayi. A dokar Amurka, matuƙin jirgin da ba shi da matsin ɗaki dole ya sa oksijin idan ya wuce minti 30 sama da ƙafa 12,500, sama da 14,000 kuwa ba ya cirewa, sama da 15,000 sai an tanadar wa kowane fasinja. Ko na'ura mai mataki na D ƙararrawa kawai take iya kaɗawa, ba ta iya dusashe tunanin wanda ke ciki. Ranar 14 ga Agustan 2005 jirgin Boeing 737 na kamfanin Helios ya tashi daga Larnaka a Saifurus zuwa Atina, an bar maɓallin matsin ɗaki a kan sarrafawar hannu bayan wani gwajin injiniyoyi. Da suka kai wajen ƙafa 12,000 ƙararrawa ta kaɗa, amma sautinta iri ɗaya ne da na wani gargaɗi da ke kaɗawa a ƙasa kafin tashi, sai matuƙan suka ɗauka shi ne ya rikice, suka shiga magana da injiniya ta rediyo jirgi yana ci gaba da hawa, ba su sa takunkumi ba har hankalinsu ya gushe. Jirgin ya kai ƙafa 34,000 da kansa, ya yi ta kewaya sararin Atina har mai ya ƙare, ya faɗi kusa da ƙauyen Grammatiko, mutum 121 suka rasu. Bayan haka an wajabta ƙara fitilun gargaɗi a irin wannan jirgi. Abin da kuwa ake nanatawa a na'ura, har ya zama hannu na yi kafin kai ya yi shawara, shi ne idan ƙararrawar nan ta kaɗa a sama, takunkumi ne farko, bincike daga baya. Shi ya sa aka ƙera na matuƙa yadda za a iya sa shi da hannu ɗaya cikin daƙiƙa biyar.

TAMBAYA: Malam, ina da ɗa mai shekara 14 da ke da sikila, kuma muna shirin zuwa Umara da shi. An ce mini iskar jirgi tana tayar da ciwon. Gaskiya ne? Zan iya shiga da tukunyar oksijin ta gida?
Wata uwa, daga Fagge, Kano

AMSA: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ya karɓi ibada. Akwai gaskiya a maganar. Mai lafiya da na'urar auna oksijin jini da ake maƙalawa a yatsa ke nuna masa 97 ko 98 a ƙasa, a cikin jirgi takan sauka zuwa 90 da 'yan kai, kuma ba ya jin komai. Ga mai sikila, ƙarancin oksijin da bushewar jiki da sanyi su ne manyan abubuwan da ke lanƙwasa ƙwayoyin jini, ukun kuwa duk suna cikin jirgi, domin iskarsa busasshiya ce ƙwarai. Duk da haka masu sikila da yawa suna tafiya lafiya. Ki kai shi wurin likitansa makonni kafin tafiya a auna jininsa, likitan ne zai ce ko yana buƙatar ƙarin oksijin a hanya. Idan kuma ciwon ya tashi dab da tafiya, shawarar da aka saba bayarwa ita ce a jira kamar kwana goma bayan ya lafa. A cikin sa'a huɗu zuwa biyar na Kano zuwa Jidda ya riƙa shan ruwa a kai a kai, ya sa rigar sanyi, ya tashi ya taka, magungunansa kuma su kasance a jakar hannu tare da takardar likita.

Tukunyar gida ba za a bar ki ki shiga da ita haka kawai ba, saboda tana cikin kaya masu haɗari, takunkuman da ke faɗowa kuma na gaggawa ne, ba a buɗe su don mara lafiya. Wasu kamfanoni suna tanadar nasu oksijin da kuɗi, wasu suna amincewa da ƙaramar na'ura mai batir da ke tace oksijin daga iska, amma duka biyun sai an cike fom ɗin likita an sanar da su tun da wuri, galibi aƙalla sa'a 48 kafin tashi. Ki tambayi kamfanin jirgin da kansa kafin a yanki tikiti, kada ki tsaya ga maganar ejan, kuma ki tabbata amincewar ta haɗa da jirgin dawowa.